Me ke kashe kifi da asuba? Darasin akwatin gilashi ga masuntan Madarunfa

Duk wanda ya taɓa kiwon kifi cikin kududdufi, ko kuwa ya zauna da masunta a bakin tafkin Madarunfa, ya san wannan al'amari. Da marece ruwa lafiya lau, kifi ya ci ya ƙoshi. Da asuba kuwa, kafin mutane su fito daga masallaci, sai a tarar da karfasa ta taso bisa ruwa baki buɗe tana haɗiyar iska. Idan abin ya yi tsanani, kafin hantsi wasu sun juya ciki sama. Mai kududdufi yana tsaye yana kallon wahalar wata biyar ta tafi a dare guda, abin da zai fara zo masa a zuciya shi ne wani ya zuba masa guba. An sha ɓata zumunci da maƙwabtaka a kan irin wannan zato.

A mafi yawan lokaci babu hannun kowa a ciki. Sanadin abin yana cikin ruwan kansa, watau wasu iskoki biyu da ke narke a cikinsa, waɗanda ke hawa da sauka tsakanin dare da rana. Ta farko ita ce oksijan, wadda mutum da dabba da kifi suke shaƙa su rayu. Ta biyu ita ce iskar karbon, wadda Faransawa ke kira gaz carbonique. Ita ce muke fitarwa idan mun yi numfashi, ita ce ke tashi daga garwashi, ita ce kuma ke yin kumfa idan an buɗe lemun kwalba. Ba ta da launi, ido ba ya ganinta.

Akwai wasu mutane a duniya da suka ƙware wajen auna wannan iska cikin ruwa, su ne masu shuka ciyawa cikin akwatin gilashi na kifi, wanda ake kira akwariyom. Da yake su da hannunsu suke ɗura iskar, dole ta sa suka koyi iyakarta. Abin da suka koya yana da amfani ga mutanenmu na bakin tafki, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu bayaninsa.

YADDA AKA GANO SIRRIN

A shekarar 1771 wani masani na ƙasar Ingila, Joseph Priestley, ya lura cewa iskar da kyandir ya ɓata cikin rufaffen gilashi tana gyaruwa idan an sa reshen na'ana'a a ciki na wasu kwanaki. A 1779 wani likita ɗan ƙasar Holan, Jan Ingenhousz, ya nutsar da ɗanyun ganyaye cikin ruwa, ya ga ƙananan ƙwayoyin iska suna fita daga jikinsu idan rana ta haska su, suna kuma tsayawa idan an kai su cikin duhu. Daga nan aka fahimci cewa da rana ganye yana shan iskar karbon, ya haɗa ta da ruwa da hasken rana ya yi abincinsa, ya saki oksijan. Da dare wannan aiki yana tsayawa, shuka ta koma numfashi kamar dabba: tana shan oksijan, tana fitar da karbon.

Muna ɗalibai a makarantar horon malamai an nuna mana wannan da kwalba ɗaya da ɗan guntun ciyawar fadama. Kowane malamin yaƙi da jahilci yana iya maimaita shi gaban ɗalibansa ba tare da ya kashe ko dala ba. A cika farar kwalba da ruwa, a sa ciyawar da ke girma ƙarƙashin ruwa, a ajiye a rana. Ba da jimawa ba za a ga ƙwayoyin iska suna tasowa a jere.

A 1850 wani masanin haɗa magunguna na birnin Landan, Robert Warington, ya ba da labarin yadda ya riƙe ƙananan kifaye biyu da ciyawar ruwa da dodon koɗi cikin tulun gilashi wata da watanni ba tare da ya canza ruwa ba. Kifi yana ba ciyawa karbon, ciyawa tana ba kifi oksijan. Bayan shekara uku, a 1853, aka buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a a gidan namun daji na Landan.

Wanda ya ɗaukaka wannan sana'a a zamaninmu shi ne Takashi Amano, mutumin ƙasar Japan, wanda aka haifa a 1954 ya rasu a 2015. Ya lura ciyawarsa ba ta girma yadda yake so, sai ya gwada zuba ruwa mai gas cikin akwatin, ya ga ganye ya fara fitar da ƙwayoyin iska. Daga baya kamfaninsa ya riƙa ƙera kayan ɗura iskar a hankali. Babban aikinsa na ƙarshe ya yi shi ne a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal: akwati mai tsawon mita 40, mai cin ruwa lita 160.000, wanda aka buɗe a 2015. Wani abin sha'awa shi ne, cikin shuke-shuken da masu wannan sana'a ke saye da tsada har da badonmu na fadama, da wasu tsirrai na rafukan kudancin Najeriya da Kamaru.

DON ME AKE ƊURA ISKAR?

Iskar karbon kaɗan ce cikin sararin da muke shaƙa. A 1958, lokacin da aka fara auna ta kullum a dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai, kashi 315 ce cikin miliyan. Yanzu ta haura kashi 420. Duk da haka shukar tudu tana samun abin da ya ishe ta, domin iska tana kaɗawa. Shukar ƙarƙashin ruwa ita ce ke cikin wahala. Ruwan da ke ajiye a buɗe ba ya riƙe abin da ya wuce kimanin rabin miligiram cikin lita guda, kuma tafiyar iskar cikin ruwa ta fi tafiyarta a sarari nawa har sau 10.000. Wannan ne dalilin da bado ke miƙo ganyensa bisa ruwa, kainuwa kuma take yawo a sama: sun tafi neman iskar inda take da yawa.

Cikin akwatin gilashi, numfashin kifi yakan kai iskar miligiram 2 ko 3 cikin lita. Idan an sa fitila mai ƙarfi, ciyawa takan shanye wannan cikin ƴan awoyi ta tsaya cik, gansakuka ta samu fili ta rufe gilashi da ganye. Saboda haka masu sana'ar suke ƙara iskar har ta kai miligiram 20 zuwa 30 cikin lita. A wannan ma'auni ciyawa tana bunƙasa, yawancin kifaye kuma suna jurewa. Idan aka zarce, kifi ya shiga haɗari. Iskar karbon idan ta yi yawa cikin ruwa tana hana kifi fitar da tasa daga jini, jinin kuma ya kasa ɗaukar oksijan ko da akwai ta a ruwan. Tsakanin amfani da ɓarna tazarar ba ta da faɗi.

KAYAN AIKI

Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce tulun ƙarfe, irin na kashe gobara, wanda aka matse iskar a ciki har ta zama ruwa. Ƙarfin matsin da ke cikinsa ya kai wajen bar 57 idan zafi yana digiri 20, watau ya ninka na tayar ƙaramar mota fiye da sau 20. Ana ɗaura masa kai mai rage wannan ƙarfi zuwa bar 1 ko 2, sa'an nan ɗan famfo mai siririn baki wanda da shi ake ƙarawa ko ragewa. Daga nan iskar ta bi tiyo ta ratsa wata ƴar kwalba mai ruwa inda ake ƙirga ƙwayoyinta, ta ƙare a wani ɗan faifai mai ƙananan huji wanda ke farfasa ta cikin akwatin don ta narke. Ana kuma sa makulli na lantarki da agogo, mai buɗe iskar da safe ya rufe ta da marece.

A nan akwai gargaɗi ga ƙasarmu. Da zarar zafi ya wuce digiri 31, matsin tulun yana hawa da sauri ƙwarai, a jihar Maraɗi kuwa zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40. Kada a bar tulu a rana ko cikin rufaffiyar mota. A tsayar da shi a inuwa, a ɗaure shi kada ya faɗi, a ɗakin da iska ke shiga.

Hanya ta biyu ta mai ƙaramin ƙarfi ce. Ana samun kwalbar roba ta lita ɗaya da rabi, a zuba sukari kamar giram 200 da ruwa da rabin ƙaramin cokali na yis, watau abin kumbura burodi, a huda murfi a sa tiyo. Yis yana cin sukari yana fitar da iskar, kilo guda na sukari yana ba da kusan rabin kilo. Aibin wannan hanya shi ne ba ta da makulli. Da zafi tana gudu, da sanyin hunturu tana ja da baya, da dare kuma ba ta tsayawa. Idan wuta ta ɗauke, fitila da injin motsa ruwa suka mutu, makullin lantarki na tulun ƙarfe yana rufe kansa, amma kwalbar yis tana ci gaba da aikinta cikin duhu. Mai amfani da ita sai ya zare tiyo daga akwatin kowane dare. Kada ya toshe bakin kwalbar, domin tana iya fashewa.

DAIDAITAWA DA AUNAWA

Ƙa'idodin da masu sana'ar suka yarda da su ga su kamar haka.

Na ɗaya, a fara da kaɗan. Ga akwati mai lita 100, ƙwaya ɗaya kowane sakan biyu ta isa mafari. Ƙirgar ƙwayoyi tana nuna abin da ya fita daga tulu ne kawai, ba ta nuna abin da ya narke cikin ruwa.

Na biyu, a bi lokacin haske. A buɗe iskar awa ɗaya ko biyu kafin a kunna fitila, a rufe ta awa ɗaya kafin a kashe. Da dare ciyawa ba ta bukatarta, ita ma fitar da ita take yi.

Na uku, a auna. Ana liƙa wata ƴar kwalba cikin akwatin mai ɗauke da ruwan gwaji wanda ke canza launi. Shuɗi yana nufin iskar ta yi kaɗan, tsanwa tana nufin an kai wajen miligiram 30, ruwan ɗorawa yana nufin an zarce. Sai dai launin yana makara da awa ɗaya zuwa biyu, abin da ido ya gani yanzu labarin ɗazu ne. Wanda ya ga shuɗi ya yi gaggawar murɗa famfo, ya sake murɗawa bayan minti goma, zai kashe kifinsa kafin launi ya gaya masa.

Na huɗu, a duba tsamin ruwa. Iskar karbon idan ta narke tana sa ruwa ya yi ɗan tsami. Masana suna auna wannan da ma'aunin da suke kira pH, mai tafiya daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, ƙasa da ita ɓangaren tsami ne kamar na tsamiya, sama da ita ɓangaren kanwa da toka. A auna da safe kafin a buɗe iskar, a sake aunawa da tsakar rana. Idan lambar ta sauka da maki ɗaya, misali daga 7,6 zuwa 6,6, iskar ta ninka sau goma, an iso iyaka ke nan.

Na biyar, a canza abu ɗaya, a jira kwana guda kafin a sake taɓawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Na shida, wanda ya fi duka, a kalli kifi. Idan ya taru a sama, ko murfin kumatunsa yana bugawa da sauri, ko ya kwanta ya ƙi abinci, a rufe iskar nan take, a motsa fuskar ruwa da ƙarfi, a canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan. Ba a jiran ma'auni ya tabbatar da abin da kifi ya riga ya faɗa.

MU KOMA BAKIN TAFKI

Mai karatu zai ce, ina ruwan masuncin Madarunfa da abin adon ɗakin masu hali? Amsa ita ce, abin da ke faruwa cikin lita 100 shi ne ke faruwa cikin tafki da kududdufi, sai dai a can babu famfon murɗawa.

Tafkin Madarunfa yana kudu da Maraɗi da tafiyar kilomita 20 da ƴan kai. Ruwan gulbi ke cika shi da damina, ya ja baya da rani. Kewayensa akwai kushewun waliyyai 99 da jama'a ke ziyarta bisa ga abin da aka gada, kuma tun 2006 Nijar ta sa tafkin da dajinsa da kushewun cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya. A watan Disamba na 2019 aka rubuta shi cikin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka sa wa hannu a ƙasar Iran a 1971, Nijar kuma ta shiga a 1987. Faɗin da aka rubuta ya haura hekta 500. Gidaje da yawa da wannan ruwa suke ci: masunta, mata masu suya da banda, masu lambu, makiyaya.

A tafki ko kududdufi, masu ɗura iskar karbon su ne kifi, da ciyawa cikin dare, da duk abin da ke ruɓewa a ƙasa: kashin dabbobi, ragowar abincin kifi, matattun ganyaye. Ruwan da ya yi tsanwa cike yake da ƙananan tsirrai waɗanda ido ba ya rabe su ɗaya-ɗaya. Da rana suna shanye karbon su cika ruwa da oksijan, shi ya sa da la'asar kifi ke cikin walwala. Rana na faɗuwa sai al'amari ya juya. Duk abin da ke cikin ruwan yana shan oksijan yana zuba karbon har wayewar gari. Asuba ita ce ƙarshen wannan dogon dare, lokacin da oksijan ta fi ƙaranci, karbon kuma ta fi yawa.

Zafi yana ƙara tsananta abin. Lita guda ta ruwa tana iya riƙe oksijan miligiram 9 a digiri 20, amma a digiri 35 ba ta wuce wajen 7, ga shi kuwa da zafi kifi ya fi bukatarta, ruɓa ma ta fi sauri. Lokutan da suka fi haɗari su ne ƙarshen rani sa'ad da ruwa ya ragu kifi ya cunkushe, da kwanakin da hadari ko ƙura suka rufe rana a jere, da ruwan farko na damina wanda ke kwaso taki da shara ya zuba cikin tafki. Karfasa ce ke fara jin jiki. Tarwaɗa tana da wata gaɓa cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, don haka takan tsira inda karfasa ta mutu. Wannan ma alama ce ga mai lura. Idan an tarar karfasa ta mutu da asuba, tarwaɗa tana nan da ranta, sa'an nan da rana ta ɗaga sauran kifin suka koma ƙasa suka ci gaba da harkarsu, to a fara tuhumar iska kafin a tuhumi maƙwabci.

Wasu sun ji labarin tafkin Nyos na ƙasar Kamaru, inda a daren 21 ga Agusta 1986 iskar karbon ta ɓalle daga ƙarƙashin ruwa ta kashe mutum fiye da 1.700 da dubban dabbobi. Hankali ya kwanta. Nyos ramin dutse mai aman wuta ne, zurfinsa ya wuce mita 200, iskar kuma daga cikin ƙasa take fitowa ta taru shekara da shekaru. Tafkinmu ba shi da zurfi, iska tana juya shi kullum. Haɗarinsa a kan kifi yake.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Mai kududdufi ya mai da zagayen asuba al'ada, domin a lokacin ne ruwa ke nuna halinsa. Ya riƙa nutsa hannu cikin ruwa da hantsi. Idan tafin hannunsa ya ɓace kafin ruwa ya kai gwiwar hannu, watau ƙasa da santimita 30, tsanwar ta yi yawa, sai ya dakatar da zuba taki, ya rage abinci, ya ƙara sabon ruwa. Kada ya ba kifi abinci da dare, ko ranar da ya gan shi a sama. Idan ya tarar da kifi yana haɗiyar iska, ya tayar da injin ban ruwa ya riƙa watsa ruwan sama yana faɗowa, in babu inji a shiga da ƙorai da sanduna a yi ta bugun ruwa har rana ta fito. Motsin yana korar karbon, yana shigo da oksijan. Kainuwa da ciyawar da aka cire a fitar da su tudu, kada a bar su su ruɓe a ciki. Kada kuma a zuba kifi fiye da abin da ruwan zai ɗauka, domin kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ga ma'aikatan ruwa da gandun daji, da shugabannin ƙungiyoyin masunta, muna ba da shawara. Takardar gwajin tsami da ma'aunin zafi ba su da tsada. Idan aka sa mutum guda cikin waɗanda suka fita ajin yaƙi da jahilci ya riƙa auna ruwa sau biyu a rana, da asuba da la'asar, yana rubuta lamba da kwanan wata da halin kifi cikin littafi, kafin shekara ta kewayo za a san makonnin haɗari na kowane wuri. Tazara mai faɗi tsakanin lambar asuba da ta la'asar tana nuna ruwan ya cika tsirrai, dare mai wuya yana tafe. Irin wannan littafi zai taimaki sarkin ruwa wajen sasanta rigima, zai kuma ba hukuma hujja idan da gaske wani ya zuba maganin ƙwari, domin a ranar za a ga lambobin ba su nuna wata matsala ba.

Mai akwatin gilashi a Tokiyo ko Pari yana ƙirga ƙwayoyin iska don kare kifi goma na ado. Abin da ke cikin tafkin Madarunfa abincin gidaje ne da kuɗin makarantar ƴaƴa, ya fi cancantar a tashi da asuba a duba shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika tafki, ya kiyaye dukiyar talakawa.